Hannun da Ke Cikin Hoton

An dakatar da Malam Modibbo daga ladanci a wani masallacin Gummi ranar Juma'a, bayan hoton ɗansa Faruku ya bazu a wayoyi, riƙe da tiren kofuna a bikin baje kolin giya a Italiya.

Shugaban kwamiti, Alhaji Labbo, ya ce sai Modibbo ya tsine wa yaron zai koma bakin lasifika.

Modibbo ya ce, "Ba ni tsine mishi. Aiki shika yi, ba sha ba. Alhaji, ƙirga yatsun mai ɗaukar kofin."

Fuskar mutumin ba ta fito a hoton ba, sai hannunsa. Yatsu shida ne.

Alhaji yana da ɗa mai yatsu shida, Cindo, wanda uban ya ce yana karatu a Masar. Har yau kwamitin bai sake zama ba.