Ƙullin Masunci

Gari na wayewa na ji lasifikar motar hukuma tana hawo gangaren unguwarmu.

"Duk gidan da kowa ke lafiya, a ɗaura tawul ruwan ɗorawa a ƙofa kamar yadda aka saba. Inda ba mu ga tawul ba, za mu shigo!"

Lakar da ta zaftaro daga tsauni cikin guguwar daren jiya ta kawo mini ƙugu, ta danne ƙofar ɗaki. Mijina yana kwance inda tabarmar tatami take a da, ginshiƙi ya danne masa ƙafafu. Tsaunin bayan gida bai daina gurnani ba.

"Tsoho, ka ji ko? Ba mu ɗaura komai ba. Yanzu za su shigo."

Shi kuwa sai kallon sama yake ta inda rufi ya yaye.

Takun takalma ya matso, ya tsaya a ƙofar gida. Na buɗe baki, amma ihun da na kwana yi ya cinye muryata.

"Nan lafiya lau," in ji wani saurayi. "Mu wuce, gidaje na da yawa."

Takun ya yi nisa.

"Tsohuwa," mijina ya ce a hankali, "ni na ɗaura tawul ɗin jiya, kafin iskar ta taso. Na ce kada mu wahalar da 'ya'yan mutane."

Rayuwarsa duka a teku ya yi ta. Guguwar da ta ɗauke mana rufi ba ta iya kwance ƙullinsa ba.