Masuncin da Bai Duba Baki ba

Kai da kake cewa idonka ba ya yi maka ƙarya, matso ka ji. An yi wani masunci, shekara arba'in yana cikin ruwa, har fatar ƙafarsa ta koma kamar bayan kada. Sai kogin garinsu ya fara mutuwa. Bana ya ja baya, baɗi ya ƙara ja, har ya zamana gurbi ɗaya tak ya rage da ruwa, shi ma ba zai kai wata ba. Mutumin nan yana da wani tafki bayan gonarsa wanda ba ya ƙafewa, sai ya ce bari ya kwashe 'ya'yan karfasar da suka rage a gurbin ya mayar can, ko iri ya tsira, gida ya samu abin kaiwa baki. To, masunta suna da ƙa'ida tun kaka da kakanni: ɗan kifin da za a sauya wa ruwa, sai an ɗaga shi ɗaya bayan ɗaya an duba bakinsa. Bakin karfasa ɗan ƙarami ne. Ɗan giwan ruwa kuwa, yana ƙarami sai ka rantse karfasa ce, amma bakinsa wangameme, leɓen ƙasa ya zarce na sama, kuma ba shi da abinci sai kifi ɗan'uwansa. Ran nan rana ta take, ruwan ƙwaryar da ya tara su a ciki ya yi ɗumi, kifayen sun fara galabaita. Matarsa ta ce, "Malam, ba ka duba musu baki ba." Ya ce, "Ni za a koya wa karfasa?" Ya leƙa ƙwarya, ya ga bayansu duk iri ɗaya, ya tuttule su a tafki.

Shekara guda cur ya hana kowa taɓa ruwan nan. Dusar awakin matarsa ma kifi yake zuba wa. Ana shan miya lami, yana ta ba iyali haƙuri, wai su bari kifin ya hayayyafa. Gurbin can kuwa tuni ya zama yashi. Da shekara ta zagayo ya shiga da taru. Jan farko, ciyawa. Na biyu, laka. Wayyo, duk da haka ya ci gaba da ja har hannunsa ya yi jini. Sai a na bakwai wani abu ya motsa: giwan ruwa ƙwaya ɗaya, ƙaton kai, jiki a rame, ya cinye kowa har shi ma yunwa ta fara cinsa. Ya farke cikin kifin, ya tarar da karfasa ɗaya ko narkewa ba ta yi ba, cikinta fal da ƙwai. Ya zauna daɓas cikin laka riƙe da ita, ya yi kuka irin na wanda ya rasa wa zai ɗora wa laifi. Babu kogin da zai koma ya ɗebo wasu. Daga kansa aka daina sana'ar su a garin nan.

Ba a banza magabata suka ce ba: kama da wane ba wane ba ne.