Tabon Lamba a Dantsen Kaka

Ina ɗan shekara bakwai na guje wa allurar sanƙarau, wadda ake yi mana a Makka kafin alhazai su iso. Na haye saman gidanmu a unguwar Utaibiyya, na maƙale a bayan tankin ruwa. Bayan la'asar sai ga Kaka ta hawo tana haki, tana ƙamshin man zafi da kanumfari.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta zauna, ta naɗe hannun rigarta, ta nuna mini wani tabo a dantsenta, kamar an danna kwabo a kan ɗanyar laka.

"Maigida, taɓa ka ji. Lambar agana ce, a hanyarmu ta zuwa Hajji aka yi mini."

"Da zafi?"

"Sosai ma. Amma jiki maigadi ne, ba ya kama ɓarawon da bai taɓa gani ba. Allura fuskar ɓarawon take nuna masa. Yalla, tashi, kafin a rufe asibitin."

Na bi ta, ina riƙe da gefen mayafinta.

Yau aikina ke nan a ɗakin bincike, koya wa garkuwar jiki ta gane ciwon daji. Shi wannan ɓarawon ɗan gida ne, har gaisawa suke yi da maigadi ya wuce. Haka ya wuce ya ɗauke mana Kaka. Duk ranar da gwaji ya ƙi, sai in ji santsin tabon nan a yatsana. Kaka, har yanzu fuskarsa nake nema.