Ƙwayar Ziyara

Tunda aka kawo ƙwayar ziyara, tsofaffin unguwarmu suka daina zaman majalisa. Ka haɗiya bayan azahar, ka kishingiɗa, ka yi mafarkin mamacinka, har hanta ta wanke ta daga jini, ka farka. Ni wurin matata Tabawa nake zuwa. Kullum nakan tarar tana tsince shinkafa, kafin ta ɗago kai na farka.

Yau na leƙa kemis ɗin Balkisu.

Ta ce, "Baba Ilu, an ce likita ya ɗora ka a kan sabon maganin hawan jini."

Na ce, "Garin nan dai ba a tari a ɓoye."

"To ba zan sayar maka ba. Wannan maganin tare hanta yake yi, kamar tirela ta tsaya a kan gada. Ƙwayar ba ta samun hanyar fita, sai ta yi ta zama a jini. Ka manta Sallau direba?"

Ina zan manta? Tun kafin azumi yake kwance, ana ba shi kunu ta hanci, bai farka ba. Na je dubiya. Murmushi yake yi.

Na ce, "'Yar nan, ai na watsar da na hawan jinin, jiri yake sa ni."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta miƙo.

Na hawan jinin yana aljihuna na hagu. So nake Tabawa ta ɗago kai.