Dillalin Tumatir da Na'urar Kan Rufi

Kai da kake cewa in sabis ya yi rauni a ƙara masa ƙarfi kawai, tsaya ka ji. An yi wani dillalin tumatir a wani ƙauye na bakin fadama, inda ƙarfen sabis, dogon ƙarfen nan na kamfanin waya, ya yi nisa, sai mutum ya hau tudu kafin a ji muryarsa a waya. Manoman garin shi suke damƙa wa amfaninsu, shi ke kiran motocin Kudu. To, mutum ne mai tumbi, hawan tudu ya ishe shi. Sai ya sayo na'urar ƙara sabis a kasuwar birni, ya kafa ta a kan rufinsa, ya murɗe ta har ƙarshe. Sandunan sabis na wayarsa suka cika fal, ya riƙa nuna wa kowa kamar ango da sabuwar riga. Amma tun daga ranar nan, kira ya daina fita a garin, har a kan tudun. Aka tsinke tumatir, kwanduna suka jeru a bakin hanya, direban motar Kudu ya ji shiru ya juya wani gari. Rana ta yi aikinta, jan ruwa ya fara bin ƙasa, ƙudaje suka sha biki.

Dillali ya fusata, ya tara jama'a, shi ne kan gaba wajen zagin kamfani, har aka turo wata injiniya. Ta zo da abin awo mai kama da ƙashin kifi, tana nuna shi gabas da yamma, gari na biye da ita, dillali na ta kumfar baki: "A nemo mana wanda ya cuce mu, ko ɗan waye!" Suka bi lungu-lungu, kukan abin awon na ƙaruwa, sai ga su tsaye a ƙofar gidansa. Ta ɗaga kai ta dubi rufin, ta ce, "Alhaji, ƙarfen sabis kunne gare shi. Wannan abin naka ihu yake yi masa a kunne, ba ya jin kowa, har kai." Ta sa aka cire wa na'urar wuta, nan take wayoyi suka ɗauki ƙara a aljihunan mutane. Manoman da suka yi asarar noman rani suka juyo gaba ɗaya, suka zuba wa dillali ido. Gaskiyar masu iya magana: garin neman gira, a rasa ido.