Shekarun Malam Maharazu

Da sassafe Malam Maharazu ya shafa wa gemunsa baƙin rini, ya ɗauki fayil ɗinsa ya nufi ofis. Ranar ce kwamitin tantance ma'aikata zai zauna a Daura.

Shi ne mai kula da sito a wata ma'aikata, kuma shi ya naɗa kansa malamin fansho. Abokan aikinsa masu shirin ritaya, wani ya sa a riƙa ƙara yankar albashinsa ana zubawa a asusu, wani ya sayi shanu ya kai kiwo garin Babban Mutum. Shi kuwa dariya yake musu. A cewarsa asusun fansho da shekaru yake cika, in shekarun suka ƙare sai mutum ya ƙaro wasu.

Sau uku yana zuwa kotu yana rantsuwa cewa an yi kuskure a ranar haihuwarsa. Kowace rantsuwa sai ta dawo da shi baya. Yanzu a takarda shekararsa hamsin cif, gwiwoyinsa ne kawai ba su samu labari ba.

Bana sai aka zo da doka: duk wanda aka kama ya taɓa shekarunsa, kora ce, kuma sai ya amayar da albashin da ya ci. Tun a layi ya yi lissafi, ya ga asusun fanshon da ya daɗe yana tattali ba zai biya rabi ba.

Shugaban kwamitin, Alhaji Sada, daga Katsina aka turo shi. Mutum ne mai furfura, an ce ba ya karɓar ko goro. Da Maharazu ya shiga, sai shugaban ya miƙe ya ba shi kujerarsa, shi ya tsuguna a gefe. Maharazu bai kalle shi ba, bai kuma kama sunansa ba. Ya ajiye fayil, ya ƙura wa bango ido.

Shugaban ya daɗe yana juya takardu. Ya ɗauki biro, ya ajiye. Ya roƙi sauran 'yan kwamitin su ɗan ba su wuri, suka fita suna kallon juna.

Sannan ya sunkuyar da kai, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Baba, ka yi mini aikin gafara. Ta yaya zan sa hannu a takardar da ta ce ni ɗanka na fari na girme ka da shekara biyu?"