Tasar Sala

Hajiya Rakiatu ta ture takardar da bayan hannu, ta ce ba za ta dangwala ba.

Baturiyar da ke zaune a tsakar gidanta a unguwar Dichemso ta Kumasi, Madam Hariyet, ta taso ne daga wani ɗan ƙauye da ke rataye a gefen tudu a Ingila. Gida talatin ne, sai coci guda na dutse da ya haura shekara ɗari bakwai. Tarihin cocin take rubutawa. Suraj, ɗan ƙanen Hajiya, shugaban wata firamare, shi ke tafinta.

Ta baje hotuna: hasumiyar ƙararrawa, kabarin wani kyaftin, da wata ƙatuwar tasar tagulla mai ajami a bakinta. Ta ce kyaftin ɗin ne ya kai ta daga Kumasi a 1900, kyauta daga manyan Zongo. Tun daga lokacin, a cikinta ake yi wa kowane jaririn ƙauyen baftisma, har da ita kanta. Masana sun karanta sunan da ke jiki, Sala, suka ce gimbiya ce. Wata uku ta yi tana cigiyar zuriyarta. Shaida kawai take so a dangwala mata cewa kyauta ce, cocin kuma zai gina wa makarantar Suraj aji biyu.

Hajiya ba ta jima da dawowa daga wani gida a unguwar Sofoline ba, ƙanshin kafur bai bar hannunta ba. Ta ce Sala kakar uwarta ce, ba ta haɗa komai da sarauta ba, ba ta kuma yi wa kowa kyauta ba. Sojoji ne suka ɓalle ƙofa suka ɗauke tasar, ko ruwan ciki bai bushe ba.

"Gwaggo, aji biyu fa," in ji Suraj, murya ƙasa-ƙasa. "Yara a ƙarƙashin mangwaro suke karatu."

"Su riƙe ajinsu, su dawo mana da abinmu."

Fuskar Baturiyar ta yi ja. Ta ce tasar ta zama abu mai tsarki a wurinsu, me tsohuwa za ta yi da ita yanzu?

Suraj ya fassara, ya ƙi ɗaga kai. Hajiya ta dube shi.

"Faɗa mata, kada ka rage ko kalma. Aikin da Sala ta yi da ita zan yi, wanda na gada. Da ita gidanmu ke wanke gawar matan Zongo."